Albasar Daji da Ruwan Farko a Ƙasar Tsanyawa

  

Maganar yau a kan wasu tsirrai ce da ba wanda ya shuka su, ba kuma wanda ke girbe su, amma duk wanda ya tashi a ƙauye ya san su. A ƙarshen bazara, lokacin da ƙasa ta toye, kara ya ƙare a gona, dabbobi sun rame, sai wani yammaci hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso da ƙura, a yi ruwa na rabin sa'a. Bayan kwana biyu ko uku, a gefen burtali ko bakin maƙabarta ko gindin wata tsohuwar kuka, sai ga fure ya huda ƙasa ya fito, fari fat. Yara su tsinka, mata masu zuwa itace su kai labari gida, magidanci ya leƙa ya duba inda ya jingine sungumi tun bara. To, wannan fure shaidar me yake bayarwa? Shigowar damina, ko kuwa ruwan da ya riga ya sauka shekaranjiya kawai?

Tsirran nan ba iri ɗaya ba ne. Akwai albasar kwaɗi, wadda wasu ke haɗa ta da danginta su kira su gadali. Ita mai son wuri mai laima ce, bakin fadama ko kwari, ganyenta dogo, furenta babba, fari da ratsin ja a tsakiyar kowane ɓangare. Fulani sun daɗe suna dasa gadali kusa da ruga saboda magani. Akwai albasar kura, mai ƙaton kai a ƙasa, wadda ke turo doguwar sanda mai ƙananan furanni tun ganye bai fito ba, sau da yawa ma ba ta jiran ruwan kirki. Akwai hatsin manoma, siririya, furenta na buɗewa da yamma ya cika wurin da ƙamshi, kafin rana ta take washegari ya yanƙwane. Ga kuma rawaya, wadda ba albasa ba ce, saiwa ce mai kauri, amma ɗabi'arsu ta zo ɗaya: da rani tsaka, musamman inda gobara ta ci, furenta kan fito a kwance a kan ƙasa, ganye sai daga baya.

Wani likita ɗan Sikotland mai suna John Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa a farkon mulkin Turawa, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga su a littafi a 1916, kuma waɗannan na ciki. Daga bakin manoma da makiyaya da masu magani ya ji su. Ke nan kakannin mutanen wannan ƙasa sun san tsirran nan ɗaya bayan ɗaya, sun san lokacin fitowar kowanne, tun kafin a rubuta.

Abin da ke ba su damar riga kowa fitowa yana ƙarƙashin ƙasa. Kan albasa rumbu ne. Duk abin da ganye ya sarrafa daga hasken rana da ruwan daminar bara, nan ake zuba shi, ɓawo a kan ɓawo, ga abinci ga ruwa. A cikin da yawa daga irin waɗannan tsirrai, shi kansa furen an riga an ƙulla shi a tsakiyar kan tun watanni da suka wuce, yana naɗe yana jira. Saiwoyinsu kuma na da wata dabara: suna takurewa su janyo kan zuwa ƙasa-ƙasa, inda zafin rana da wutar daji ba sa kai masa. Saboda haka idan ruwa ya taɓa ƙasa, albasar daji ba ta fara komai daga tushe. Miƙewa kawai take yi. Idan kuma ruwan ya ɗauke, aka yi mako uku ba ɗigo, abin da za ta rasa fure ne da ɗan ganye. Kan yana nan da sauran ajiyarsa, zai sake turowa in ruwa ya dawo, in ma bana ta ƙi, baɗi na nan.

Ƙwayar gero ba ta da wannan gata. 'Yar mitsitsiya ce, guzurinta na kwanaki kaɗan ne, kuma da zarar ta tsaga ta fitar da saiwa, ba komawa baya. Ko ta sami danshi ta ci gaba, ko ta mutu.

Manoman rani da 'yan kasuwar albasa sun san rabin wannan magana daga sana'arsu. Albasar da aka girbe a Aliero ta jihar Kebbi, ko Galmi ta Nijar, ko nan kusa a bakin dam ɗin Watari na Bagwai, takan yi kwanciyarta cikin zafin Afrilu ba tare da ta tsira ba, domin tsananin zafi da bushewa riƙe ta suke yi. Da iskar damina ta fara kaɗawa, laima ta shiga inda aka adana ta, sai saiwa ta fara leƙowa, tsiro ya biyo baya, ruɓa ta shiga. A wannan ƙasa danshi ke tada albasa daga barci.

A ƙasashen sanyi abin ya juya. Can ɗumi ke tada ta. Albasar furanni irin su tulif, wadda Holan ta yi suna wajen nomanta da sayar da ita a duniya, ana binne ta da kaka, sai ta sha sanyi na wata uku ko fiye kafin ta yarda ta yi fure. Idan ta cika wannan sharaɗi, aka sami 'yan kwanakin ɗumi a Fabrairu, sai ta ɗauka hunturu ya wuce, ta turo kai. Masu lambu su shiga damuwa, domin sun san ƙanƙara na iya dawowa. Amma abin da suka gani shekara da shekaru shi ne, albasar kan sha. Bakin ganye ya ƙone, wani lokaci a rasa furen shekarar, kan dai yana raye. Waɗanda ke kwana ciki su ne masu itatuwan marmari. A watan Maris na 2012 an yi wani zafi da ba a saba gani ba a jihar Michigan ta Amurka, itatuwa suka yi fure makonni kafin lokacinsu, sanyi ya dawo a Afrilu ya ƙone su, aka yi asarar kusan kashi 90 cikin 100 na wani nau'in 'ya'yan ceri da jihar ta shahara da shi. A Afrilun 2021 irin haka ta faɗa wa manoman inabi a Faransa bayan ɗumin ƙarshen Maris. Can sanyi ke dawowa ya kashe, nan fari ke dawowa. A duka wuraren biyu mai ajiya a ƙarƙashin ƙasa kan tsira, wanda ya fito da duk abin da ya mallaka shi ke asara.

Me ya sa ruwan farko ke yawan yaudara a wannan yanki? Iska biyu ke ja-in-ja a kan Afirka ta Yamma. Ɗaya busasshiya daga arewa maso gabas, ta hamada, ita ce ke kawo hunturu da hazo. Ɗaya mai ɗauke da laima daga tekun Atlantika, kudu maso yamma. Iyakar da suke haɗuwa tana hawowa arewa daga farkon shekara, amma ba tafiyar miƙe take yi ba. Takan matso, ta ja da baya, ta sake matsowa. A Afrilu da Mayu laimar da ke isowa arewacin Kano ba ta da kauri. Ta isa ta haɗa hadari ɗaya mai ƙarfi idan rana ta gasa ƙasa, amma ba ta isa ta riƙe damina ba, domin ainihin yankin ruwan yana can kudu da nisan ɗaruruwan kilomita. Masu binciken yanayi sun gano cewa wannan yanki na ruwa kan yi tsalle ya hau arewa a wajejen ƙarshen watan Yuni, daga nan ne damina ke zama da gindinta, har a kai Agusta, watan da ya fi kowanne ruwa. Tsanyawa, da ke bayan Bichi a hanyar Katsina, ta fi birnin Kano matsawa arewa, ta fi Tudun Wada da Doguwa nesa ba kusa ba. Ruwan da ya zauna a kudancin jihar yana iya zama bai ko shirya zuwa nan ba.

Wani masani mai suna Sivakumar, da ya yi aiki a cibiyar binciken ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, ya fitar da wani ma'auni a 1988 wanda har yau ake amfani da shi. A lissafinsa, damina ta kama ne idan bayan 1 ga Mayu an sami ruwan da ya kai milimita 20 cikin kwana uku a jere, sannan a kwana 30 da suka biyo baya ba a yi fiye da kwana bakwai babu ruwa ba. Milimita 20 na nufin lita 20 a kan kowace murabba'in mita ta gona. A zafin Mayu, rana da iska na iya shanye abin da ya kai milimita 7 a yini ɗaya, don haka ruwan da bai kai milimita 20 ba, kwana uku ya isa ya tafi.

Sai dai a lura da rabin ma'aunin na biyu. Ba a iya tabbatar da shi sai wata guda ya wuce. Masani na da damar jiran kwana 30 kafin ya rubuta ranar da damina ta fara. Manomi ba shi da ita. Da safiyar da ta biyo bayan ruwa zai yanke shawara, ƙasa na bushewa, maƙwabcinsa ya riga ya fita da 'ya'yansa.

A nan ne mai wannan lacca ya saɓa da masu saurin zargin manomi da gaggawa. Wanda ya yi shuka da ruwan farko, ko ma ya yi binne tun kafin ruwa ya sauka, ba rashin sani ne ya sa shi ba. Ƙasar da ta daɗe a bushe, idan ruwa ya fara jiƙa ta, takan saki sinadarin naitirojin da yawa a lokaci ɗaya, abin da wani masani H. F. Birch ya bayyana a Gabashin Afirka a 1958, manoma kuwa sun daɗe da ganin cewa shukar fari ta fi ƙarfi da duhun ganye. Wanda ya makara, ruwan da ke biyowa ya wanke wannan amfani ya yi ƙasa da shi. Geron da ya riga ciyawa tashi ya fi sauƙin noma. Ga kuma babban dalili: gidan da rumbunsa ya kusa ƙarewa, kowane mako da tumu zai riga nuna, mako ne da aka rage na sayen hatsi da tsada a kasuwa. Irin gero kuma ba shi da yawa, kilo kaɗan ya isa hekta guda. Idan ya ƙone, an yi asarar wahala da 'yan kwanoni, a sake. Idan ya kama, an ci riba babba. Wannan lissafi ne na mai hankali.

Inda lissafin ke ɓaci shi ne idan aka ɗauki abin da ya dace da gero aka ɗora wa gyaɗa da masara. Irin gyaɗa na hekta guda ya ninka na gero sau goma ko fiye a nauyi, ga tsada, kuma wanda ya rasa shi a watan Mayu da wuya ya sami kuɗin sayen wani a Yuni. Ingantaccen irin masara da aka saya a shago, aka bi shi da takin zamani na bashi, idan fari ya same shi yana ɗan tsiro, ba iri kaɗai aka rasa ba. Saman jigawa da tsakar rana a wannan lokaci yana iya wuce digiri 50 na zafi, ga iska mai yashi da ke zuwa gaban hadari tana yankan tsiro tana binne shi. Gero ma da kyar yake sha, balle su.

Saboda haka amsar tambayar farko ita ce, furen albasar daji shaida ce ta gaskiya, amma a kan abin da ya riga ya faru. Ban da irin su albasar kura da ba su jiran ruwan kirki, tana cewa ruwa ya ratsa ƙasa har ya kai inda kanta yake. Wannan labari ne mai amfani, domin yayyafin da ya jiƙa saman ƙasa kawai ba ya isa gare ta. Amma ba ta san abin da mako mai zuwa zai kawo ba, kuma ba ruwanta da sani, tunda kuskure ba ya kashe ta. Magidancin da ya ga furen ya kamata ya yi abin da dattawa ke yi: ya je gonarsa, ba gonar wani ba, ya tona da hannu ya ga iya inda danshi ya tsaya. Ya fara da gero a wani sashe, ya riƙe iri na biyu a gida, kada a daka shi ko a kai kasuwa komai matsi. Gyaɗa da masara da taki su jira ruwa ya maimaita. Nau'o'in gero masu saurin nuna, irin SOSAT da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi ta Maiduguri ta fitar wa manoma, sun rage tsoron makara, domin wanda ya sake shuka a ƙarshen Yuni yana da sauran fata.

Dattawan ma ba su taɓa dogara da alama ɗaya ba. Suna duban shamuwa, wadda ke tasowa daga kudancin Afirka ta zo ta yi sheƙa a itatuwan gari gab da damina. Suna duban gawo, mai zubar da ganye lokacin da sauran itatuwa ke tohowa. Suna lura da juyawar iska, da yadda dare ke yin gumi, da fitowar shinge bayan ruwa mai nauyi. Malaman hisabi na bin taurari, mafi yawansu da kwana 13, su Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha. Yanzu ga hasashen hukumar yanayi ta NiMet, wadda a farkon kowace shekara ke fitar da ranakun da ake sa ran damina za ta kama da ranakun da za ta ɗauke, har matakin ƙananan hukumomi, tare da gargaɗin inda ake jin tsoron fari a tsakiya. Hasashe ne, yakan yi daidai yakan kauce, sanin gaibu sai Allah. Amma abin takaici ne a ce an yi wannan aiki da kuɗin jama'a, ya tsaya a takarda, bai isa dandalin 'Yankamaye ko Gurun da Hausa ba kafin mutane su ɗauki sungumi. Wannan nauyi ne a kan malaman gona na hukumar KNARDA da gidajen rediyo.

Akwai kuma gargaɗi ga masu kiwo. A ƙarshen bazara, koren ganye na farko da dabba za ta gani sau da yawa na waɗannan tsirrai ne, kuma da yawansu na da dafi. Albasar kura na ɗauke da sinadarin da ke taɓa bugun zuciya, danginta a kudancin Afirka sun yi ƙaurin suna wajen kashe tumaki da shanu. Dabbar da ta ƙoshi kan kauce musu, mai yunwa ba ta zaɓe. Yara ma a ja musu kunne, kamar da suke yi da albasar miya ba ta sa su zama abin ci ba.

Su kansu tsirran suna ƙaranci. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Tsanyawa mutum 157,680 a fili mai murabba'in kilomita 492, wato sama da mutum 300 a kowace murabba'in kilomita, kuma an ƙaru sosai tun daga lokacin. Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin karkarar Kano a shekarun 1960, ya nuna wa duniya yadda manoman wannan yanki ke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, suna riƙe ƙarfinta da takin gida da kiwo da itatuwan da suke bari a tsakiyar gona. Abin alfahari ne. Amma ƙasar da ake nomawa taƙi bayan taƙi ba ta bar wa albasar daji wuri ba. Garmar shanu na tono kanta ta bar shi a rana, maganin feshi na ƙone ganyen kafin ya mayar da ajiya, burtali na tsukewa shekara bayan shekara. Inda suka rage shi ne iyakokin gona, bakin rafi, maƙabartu da harabar wasu makarantu. Barin su a waɗannan wurare ba ya rage wa kowa damin hatsi ko ɗaya.

Dalilin barin su ya wuce sha'awar fure. A Ingila wani mai gonaki, Robert Marsham, ya fara rubuta ranar da ya ga furen farko da tohon farko da zuwan tsuntsaye a 1736, zuriyarsa suka ci gaba har 1958. A birnin Kyoto na Japan akwai tarihin ranar da itacen ceri ke cika fure na kimanin shekara 1,200, shi ya sa da ya cika ranar 26 ga Maris 2021 aka iya cewa ba a taɓa ganin ya yi wuri haka ba. Da irin waɗannan rubuce-rubuce na mutanen gari masana ke auna yadda yanayi ke sauyawa. Ƙasar Kano ta ga yunwar Kakalaba a 1913 zuwa 1914, ta ga farin 1973 da na 1984, dattawa na cewa damina ta canza hali, amma idan aka tambayi ranar da hatsin manoma ya yi fure a Tsanyawa shekara 20 da suka wuce, da kwana nawa aka yi tsakaninsa da ruwan da ya zauna, sai dai a yi ta tuna-tuna.

Wannan aiki ne da makarantar firamare ɗaya a kowace mazaɓa za ta iya ɗauka. Abin da ake buƙata littafin rubutu ne mai kauri, da ma'aunin ruwan sama na roba da za a kafa a fili nesa da itace da rufin aji, da malami ɗaya mai kula. A rubuta ranar kowane ruwa da yawansa, ranar da aka fara ganin kowace albasar daji da wurin da aka gan ta, ranar zuwan shamuwa, ranar da aka fara shuka a garin, da ko shukar ta kama ko an sake. Sarkin Noma ya riƙa duba littafin, a ajiye kwafi a fadar dagaci saboda canjin malamai. Ruwan wannan ƙasa na iya sauka a Dumbulum ya tsallake Tatsan, shi ya sa ma'aunin filin jirgin saman Kano ba zai wadatar ba. Bayan shekara goma, Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero za ta sami abin da za ta yi lissafi a kai, a gane a cikin alamun nan wacce ta fi yawan yin daidai a ƙasar Tsanyawa, wacce kuma ta fi yawan riga damina da makonni.

Allah ya ba da damina mai albarka.